Muhawara: Me ya sa masu safarar mutane ke kuɓuta a gaban kotu?

Malam Shehu:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Akwai wasu alƙaluma guda biyu da na ajiye kusa da juna, tun daga lokacin kuma abin ya tsaya mini a rai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a faɗin duniya, kuma miliyan 3.3 daga cikinsu yara ne. A ɗaya gefen, rahoton da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke fitarwa kowace shekara ya nuna cewa a 'yan shekarun nan waɗanda kotunan duniya baki ɗaya ke samu da laifin safarar mutane ba sa kaiwa 10,000 a shekara. Na san ba duk mai aikin tilas ne aka yi safararsa ba, amma ko nawa aka rage, tazarar ta yi yawa. A ganina hukuncin ne ya yi sauƙi. Wanda ya sayar da ɗan wani, ko ya jefa yarinya cikin karuwanci, bai cancanci beli ko tara ba. A ɗaure shi rai da rai, na baya su ga aya.

Barista Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina tare da kai a kan zafin abin, amma ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokoki masu tsauri suna nan jibge. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane, wadda aka buɗe sa wa hannu a birnin Palermo na Italiya a 2000, ta fara aiki a 2003, kuma ƙasashe sama da 170 sun shige ta. Dokar Birtaniya ta 2015 ta tanadi ɗaurin rai da rai. Najeriya, wadda ta kafa hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP tun 2003, ta sake dokarta a 2015 ta cire wa alƙalai damar yanke tara a maimakon ɗauri. Hukunci kuwa, komai tsananinsa, sai an samu mutum da laifi ake yanke shi, kuma yawancin ƙararrakin nan suna mutuwa ne tun kafin a kai wannan gaɓar.

Dalili shi ne laifin yana da wuyar tabbatarwa. Mai gabatar da ƙara sai ya nuna abu uku: an ɗauko mutum ko an kai shi ko an ajiye shi; an yi hakan ta hanyar yaudara, ko barazana, ko amfani da halin rauninsa; kuma an yi ne da nufin ci da guminsa. Idan wanda abin ya shafa bai kai shekara 18 ba, ba a bukatar na biyun, kuma ko da yaron ya ce da yardarsa ya tafi, doka ba ta duba wannan yardar. To amma yaudara da barazana ba abubuwa ne da ɗan sanda zai ɗauko ya ajiye a gaban alƙali ba. Suna cikin bakin wanda aka zalunta, kuma da zarar ya yi shiru shari'ar ta rushe.

Malam Shehu:
Barista, abin da ban gane ba ke nan. Mutumin da aka ceto daga wannan ƙangin, me zai hana shi tona asirin wanda ya zalunce shi?

Baba Musa:
Malam Shehu, bari in amsa maka da abin da ya faru a hannuna, domin na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin binciken laifuka kafin in yi ritaya, kuma kuskuren da zan faɗa nawa ne, ba na wani ba.

Mun taɓa kai samame wani gida da asuba, muka fito da 'yan mata tara da matar da ke riƙe da su. Da muka fara ɗaukar jawabi, sai kowaccensu ta faɗi magana iri ɗaya, kalma bayan kalma: shekarunta ashirin da biyu, da ƙafarta ta zo, matar nan kuwa ƙanwar mahaifiyarta ce. Mafi ƙanƙantarsu, wadda ko a ido ba za ta wuce goma sha huɗu ba, ita ma ashirin da biyu ta ce, tana faɗa tana kallon ƙofa. A lokacin na ɗauka taurin kai ne. Sai muka zuba su a ɗakin tsare masu laifi, a gini ɗaya da matar, bango kawai ya raba su, ta kwana tana yi musu magana da harshensu wanda babu mai jinsa a cikinmu. Kwana biyu lauyanta ya karɓi belinta. Su kuwa, da yake ba su da takardun zama, suka shafe makonni a tsare. Ka ga mun bar jaki muna dukan taiki.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne wani ɗan littafi mai baƙin bango da na gani a ƙarƙashin katifa a ɗakin matar. Kowace yarinya tana da shafinta. An rubuta kuɗin mota, kuɗin takardu, kuɗin ɗaki, kuɗin tufafi, kuɗin magani, har da tarar da ake ƙara wa wadda ta ƙi karɓar baƙo. A ƙasan kowane shafi bashin ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Na buɗe, na duba, na mayar da shi inda na gan shi, domin a tunanina na lokacin shaidar baki ita ce shaida, wannan kuwa lissafin gida ne. Da muka koma nemansa bayan mako guda babu shi babu dalilinsa. Wannan littafin da rubutun hannunta ne, kuma shi kaɗai ya isa ya nuna ƙangin bashi ba tare da an tilasta wa yarinya ko ɗaya ta tsaya a gaban matar tana rawar murya ba. Babu wanda ya taɓa koya mana haka.

Malama Rakiya:
Baba, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiyar, domin ba kowa ne zai iya faɗarta a kan kansa ba. Ni ina aiki ne a gidan da ake ajiye waɗanda aka ceto, kuma abin da zan ƙara wa Malam Shehu shi ne, a idon yarinyar ba a ceto ta ba, kama ta aka yi. Tun ranar farko an gaya mata cewa idan ta je wurin hukuma za a ɗaure ta ko a kore ta, sai ga shi hukuma ta zo ta gaskata maganar azzalumin. Ga iyayenta can a gida, wanda ya kawo ta ya san ƙofarsu, sau da yawa ma ɗan'uwa ne ko maƙwabci. Gaba kura, baya siyaki. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya yi a kan shari'o'in da aka kammala, wanda ya fito a rahotonsa na 2022, ya nuna cewa a kashi 41 cikin 100 mutanen ne suka gudo da kansu suka kai ƙara, yayin da a kashi 28 ne kawai jami'an tsaro suka gano su. Wato ƙofar da ta fi kawo shari'a ita ce amincewar wanda aka zalunta, kuma ita muke toshewa da hannunmu.

Wannan ba matsalar ƙasashe matalauta ba ce kaɗai. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta samu Birtaniya da laifi saboda ta gurfanar da wasu matasa biyu 'yan Vietnam da aka kama suna aiki a gonakin tabar wiwi, alhali akwai alamun cewa safararsu aka yi suna yara. Maganin da Turai ta rubuta a yarjejeniyarta ta 2005 shi ne a bai wa mutum aƙalla kwana 30 ya huta ya dawo hayyacinsa, ba a korarsa, kafin a tambaye shi ko zai taimaka wa bincike, sannan a buɗe hanyar yafe masa laifin da aka tilasta masa aikatawa.

Game da yara kuma, na taɓa ƙirgawa: wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ba da labarin abin da aka yi mata sau bakwai, ga ɗan sanda, ga likita, ga jami'in walwala, ga lauya, da sauransu, kowanne a ɗakinsa. A karo na bakwai ta sauya ranar da abin ya faru, lauyan wanda ake tuhuma ya kama wannan ya ce maƙaryaciya ce. Ƙasar Iceland ta warware wannan tun 1998 da abin da suka kira gidan yara: wuri ɗaya, ƙwararre ɗaya ya yi hira da yaron, a naɗa a bidiyo, sauran jami'ai su saurara daga wani ɗaki, kotu kuma ta karɓi naɗin. Ba abu ne mai tsadar da ta fi ƙarfin gwamnati ba.

Alhaji Tanimu:
Malama, ku gafarce ni, ni ɗan kasuwa ne, kuma na saba duba inda za a cuce ni. Idan aka ce duk wanda ya ce safararsa aka yi ba za a kore shi ba, har ma a ba shi takardar zama, ai kowane baƙon haure zai ce haka, kuma kowane yaron da aka kama da ƙwaya zai ce tilasta masa aka yi. Me zai hana a tsaurara tsaro a kan iyakoki a huta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Barista Hadiza:
Alhaji, rabin maganarka na karɓa, rabi kuma ban karɓa ba. Batun iyaka tukuna. Fasa-ƙwaurin mutane daban, safarar mutane daban. Na farko ciniki ne tsakanin mai son tsallakawa da mai tsallakar da shi, kuma yakan ƙare idan an isa. Na biyu mallake mutum ne domin a ci da guminsa, kuma ba ya bukatar a ƙetare iyaka ko ɗaya. Yaran da ake bautarwa a gonaki da ma'adinai da gidajen mutane, da yawansu ba su taɓa barin ƙasarsu ba. Waɗanda suka ƙetare ɗin ma, da dama da fasfo na gaskiya da biza ta gaskiya suka shiga jirgi, ta hannun dillalin aiki mai ofis da lasisi, sai da suka sauka aka karɓe fasfon aka ce musu albashin wata shida na farko na biyan bashi ne. Jami'in shige da fice ba shi da abin da zai kama a nan. Idan kuma aka toshe hanya ba tare da an taɓa masu sana'ar ba, kuɗin tsallakawa ne ke tashi, bashi ya ƙaru, bashin kuwa shi ne igiyar da ake ɗaure mutum da ita.

Inda na yarda da kai shi ne za a samu masu ƙarya, kuma a kotu lauyan wanda ake tuhuma yakan ce an sayi shaidar ne da takardar zama. Shi ya sa tsarin Italiya na 1998 ya fi burge ni, domin a can ana iya bai wa mutum izinin zama ta hanyar shirin kula da shi ba tare da an gindaya masa sharaɗin ba da shaida ba, saboda haka idan ya zo ya yi magana babu mai cewa ladan maganarsa aka biya shi. Tsoron ambaliyar masu ƙarya kuma bai tabbata ba a inda aka gwada: Amurka ta ware biza 5,000 a shekara ga irin waɗannan mutane a dokarta ta 2000, aka shafe shekaru masu yawa ba a cike gurbin ba.

Alhaji Tanimu:
Na ji batun iyaka. Batun yaron da aka kama da ƙwaya dai har yanzu da sauran rina a kaba.

Injiniya Auwal:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sako wani ɓangare da ba a taɓo ba, domin yanzu wani babban kaso na cin zarafin yara ba ya bukatar mota ko gida. A 2023 cibiyar da ke karɓar rahoton hotuna da bidiyon lalata da yara a Amurka, wadda dokar ƙasar ta wajabta wa kamfanonin intanet su kai mata abin da suka gani, ta karɓi rahoto sama da miliyan 36, kuma mafi yawansu sun shafi wasu ƙasashe ne. Cibiyar tana tura wa kowace ƙasa nata. Tambayar ita ce wa ke buɗewa idan sun iso? A wurare da yawa jami'an da suka iya tono bayanai daga waya ko kwamfuta ta yadda kotu za ta karɓa ba su taka kara sun karya ba, sai rahoto ya yi watanni a ajiye, alhali yaron da ke cikin hoton yana kwana gida ɗaya da mai cin zarafinsa. Rundunar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol tana da rumbun da ake kwatanta irin waɗannan hotuna, inda labule ko tambarin rigar makaranta ko soket ɗin lantarki a bango kan nuna ƙasar da aka ɗauka, kuma ta wannan hanya an gano dubban yara, amma sai ƙasa tana da sashe na musamman da aka horar kafin ta amfana.

Ga Alhaji kuma, akwai misalin da ya dace da tambayarka. A 2023 Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ana iya cewa suna tsare a sansanonin da ake tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Tallar aikin ofis suka gani suka tafi, wasunsu masu digiri. Kowannensu ya aikata damfara da yatsunsa. Idan aka fasa sansanin aka gurfanar da su duka, wa zai faɗi sunan mai ginin?

Alhaji Tanimu:
Ɗana, wannan misalin ya shige ni. Amma sai a ce wani mai hankali ne zai tantance, ba duk wanda ya faɗa a karɓa ba.

Barista Hadiza:
Haka dokar take nufi, Alhaji. Ana duba ko laifin ya fito ne kai tsaye daga tilastawar, kuma manyan laifuka kamar kisa ba sa shiga wannan rangwamen a dokar Birtaniya. Abin da ake nema shi ne a yi tantancewar kafin a gurfanar, ba bayan yaro ya gama zaman gidan yari ba.

Baba Musa:
Akwai abin da kowa ke kewayewa, ni da na tsufa bari in faɗa. Babu wata hanyar safara da ke daɗewa ba tare da wani mai kaki ko mai hatimi yana karɓar rabonsa ba. Bayan da tashar CNN ta nuna bidiyon gwanjon mutane a Libiya a ƙarshen 2017, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa mutum shida takunkumi a 2018, kuma ɗaya daga cikinsu kwamanda ne a rundunar tsaron gaɓar teku, wato wanda aka ɗora wa hana abin. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Idan za a ƙara wa jami'ai motoci da makamai ba tare da wata hukuma mai zaman kanta da ke bincikar su ba, an ƙara wa ɓata-garin cikinsu farashi ne kawai. Sannan a daina auna ƙwazon runduna da yawan waɗanda ta kama. Muddin da wannan ake ba da ƙarin girma, jami'i zai je ya kwaso direbobi da masu gadi da 'yan matan kansu, a jera su gaban 'yan jarida, domin bin sawun uban tafiyar yana cin shekara guda kuma ba ya fitowa a hoto.

Malam Shehu:
To, na sassauto daga inda na fara, ko da yake ban janye batun beli ba, domin labarin Baba ma ya nuna abin da belin gaggawa ke haifarwa. Amma idan ɗauri bai isa ya tsorata su ba, me zai tsorata su?

Barista Hadiza:
Dukiyarsu, Malam. A 2024 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta ribar haram da ake samu daga aikin tilas a kan dala biliyan 236 a shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan daga tilasta wa mutane karuwanci yake fitowa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mutumin da ya san zai yi shekara biyar ya fito ya tarar da gidajensa da asusunsa, ya riga ya saka ɗaurin cikin lissafin kasuwancinsa. Kuɗi kuma yana da wata fa'ida ga mai bincike: ba ya jin tsoro, ba ya mantuwa, ba a yi wa iyayensa barazana. Albashin ma'aikata ashirin da ke faɗawa asusu ɗaya, ko mutum ɗaya da ke sayen tikitin tafiya na 'yan mata daban-daban da katinsa, ko ɗakunan otal da ake biya cikin dare a garuruwa mabambanta, duk suna nan a rubuce a banki. A Kanada tun 2016 bankuna da hukumar da ke bibiyar hada-hadar kuɗi suka haɗa kai suna neman irin waɗannan alamu. Ni da za a bi shawarata, duk ƙarar safarar mutane ranar da aka buɗe ta a buɗe binciken kuɗi tare da ita, a rufe asusu kafin a kai samame, abin da aka ƙwace kuma a fara biyan waɗanda aka zalunta haƙƙin guminsu kafin gwamnati ta taɓa. Kan beli kuwa, ba na goyon bayan a hana shi ɗungurungum, domin wanda ake tuhuma bai zama mai laifi ba tukuna, amma alƙali yana da ikon hanawa idan akwai barazana ga shaidu, kuma aikin mai gabatar da ƙara ne ya kawo masa hujjar hakan a zaman farko.

Malama Rakiya:
Ƙari biyu kawai. Na ɗaya, 'yan sanda ba sa shiga gona ko masana'anta ko jirgin kamun kifi sai an kira su. Sufetan ƙwadago ne ke da ikon shiga, kuma shi ne jami'in da aka fi mantawa da shi a kasafin kuɗi, duk da cewa yarjejeniyar 1999 kan mafi munin nau'o'in bautar da yara ta samu amincewar dukkan ƙasashe 187 na Ƙungiyar Ƙwadago a 2020. Na biyu, sassaucin da Barista ta ambata na wanda bai kai 18 ba yana aiki ne idan an iya tabbatar da shekarun. UNICEF ta ce a 2024 yara kimanin miliyan 150 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi musu rajistar haihuwa ba. Yarinyar Baba da ta ce shekarunta ashirin da biyu, da akwai takardar haihuwarta a wani rumbu da za a iya nema, da maganar ta ƙare a ranar.

Malam Shehu:
Baba, ba ka gaya mana yadda shari'ar ta ƙare ba.

Baba Musa:
An ɗage zama sau shida. Kafin na huɗu an mayar da bakwai daga cikin 'yan matan ƙasarsu, babu wanda ya sanar da mai gabatar da ƙara. Biyun da suka rage, ɗaya ta tsaya a gaban alƙali ta maimaita cewa matar ƙanwar mahaifiyarta ce, ɗayar kuma, ƙaramar, ta fita daga inda aka ajiye ta da dare ba ta dawo ba. A zama na bakwai aka kori ƙarar saboda rashin shaida. Bayan kwana uku matar ta zo ofis da takardar kotu ta karɓi kayanta da muka riƙe: wayoyi biyu, jakar hannu, da fasfo biyu na yaran da ba a mayar ba, waɗanda aka rubuta a rajista a matsayin kayan da aka samu a ɗakinta. Ni na sa hannu na miƙa mata.